Ranar da Baba Mai Gahawa Ya Ɓata Gahawa

A gidan benen nan namu ƙamshi ne ke fara hawa sama kafin kowa ya sauko ƙasa. Gari na wayewa Baba Mai Gahawa zai ɗaga ƙofar shagonsa da ke ƙarƙashin matattakala, ƙofar nan mai kukan tsohuwar akuya, ya share gabansa, ya hura gawayi, ya ɗora ruwa. Sai ya juya wajen kanta ya gaishe da tukwanensa ɗaya bayan ɗaya, wata ya shafa mata kai, wata ya yi mata faɗa don ta kwana da danshi. Kada ku ce na ƙara gishiri. Ƙofar ɗakina tana kallon shagon, labulena shara-shara ne, kuma ba a banza Baba ya laƙaba mini Iya Rediyo ba.

To, yau tashar tawa shi ta kamo. Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki ya miƙa wa autarsa shago, domin gwiwa ta ƙi, hannu kuma ya fara rawa. Na rantse ba zai sulale ya koma kan kujera shiru ba sai na tona masa asiri a gaban jama'a. Asirin alheri nake nufi. Sauran mutanen gidan ku kwantar da hankalinku, naku yana nan a ajiye.

Gidanmu kusa yake da tashar jiragen ruwa, saboda haka babu irin mutumin da bai taɓa kama ɗaki a cikinsa ba: masu gyaran inji, masu dafa abinci a jirgi, nas-nas, direbobin manyan motoci, har da waɗanda jirgi ya tafi ya bari. Baƙo na sauke jakarsa ƙamshi zai ja shi ta hanci zuwa shagon. Baba ba ya tambayar suna, ba ya tambayar ƙasa. Tambayarsa ɗaya ce, in ba a jin yaren juna ya yi ta da hannu: "Yaya mahaifiyarka take haɗa ta?"

Nan za ka ga ƙaton namiji mai gemu ya tsaya yana kwatanta tukunya da tafin hannu, idonsa ya ciko. Baba zai saurara, ya gwada, ya kasa, ya sake gwadawa, har ranar da baƙon zai kurɓa ya daɗe bai ɗago ba. In lokacin tafiyar mutum ya yi, sai ya bar masa tukunyarsa. Haka kantar ta cika.

Akwai 'yar tukunyar tagulla mai dogon mariƙi, ta wani Baturke mai gyaran inji. Gari mai laushi kamar hoda ake zuba mata da ruwan sanyi da sukari, a binne gindinta cikin yashi mai zafi, a zuba mata ido har kumfa ta taso, a ɗauke kafin ta yi ambaliya. Ba a tace ta, don haka mai haɗama in ya kafa kai har ƙasan finjali, laka zai tauna. Akwai baƙin tulun yumɓu mai dogon wuya da wata nas Bahabashiya ta bari. Wannan ba ta mai sauri ba ce. A gaban baƙi ake soya ƙwayar, a zagaya da kaskon kowa ya jawo hayaƙin zuwa hancinsa da hannu, a daka a turmi, a dafa, a ɗaga tulun sama a tsiyaya. Duk ranar da Baba ya yi ta, rabin gidan nan sai sun makara wajen aiki, kuma ba wanda ke nadama. Akwai ta Italiya mai ƙugu kamar budurwa, ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, tana jin wuta sai ta fara gurnani gahawar ta haura sama da ƙafarta. Akwai ta gilashi mai sanda a ka, a danna a hankali gari ya nutse. Akwai jakar ƙyalle da ake tacewa da ita, wadda har gobe matarsa Inna ba ta yarda ba safar wani ba ce.

Can a lungun kantar kuma akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai huji-huji a gindi. A bakin kofin gilashi ake ɗora shi, gahawa ta riƙa ɗiga ɗis, ɗis, a kan madara mai kauri. Wani kukun jirgi ya bar shi tun autar Baba tana goye. Ku riƙe wannan gwangwani a ranku, za mu dawo kansa.

Ku kuma riƙe dokar Baba. Duk gahawar da ake tacewa, sai an fara jiƙa garin da ɗan ruwa kaɗan, a bar shi ya kumbura ya yi numfashi, sannan a cika. A kan wannan doka Baba ba shi da aboki. Mijin autarsa, lokacin da yake neman aurenta, ya zo shagon neman suna ya ɗauki buta ya kwarara ruwa gaba ɗaya. Baba ya karɓe butar ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai da ba ka iya jiran gari ya jiƙu ba, za ka iya jiran 'yata ta gama shiri?"

Sai da Inna ta sa baki aka ɗaura auren.

Kai ne, Baba, wanda ya mayar da ƙarƙashin matattakala gidan kowa. Kai ne ka tare direban nan da ya kwana a hanya idonsa jawur, ka ƙi sayar masa da kofi na gaba, ka shimfiɗa masa buhu bayan kanta ka ce barci yake bukata ba gahawa ba. Kai ne ka zauna da mai gyaran injin nan ranar da labarin rasuwar mahaifiyarsa ya iso, ba ka jin yarensa ba ya jin naka, kuka sa tukunya a gaba kuna kallon kumfa har ya iya yin kuka. Duk an gani. Amma abin da ya faru a hawan ƙarshe watan jiya shi ya sa na ɗauki biro.

A can saman gidan akwai tsohuwar da muke kira Kakar Sama. Marigayi mijinta ma'aikacin jirgi ne, ya auro ta daga wata tafiya tun ni ma ina amarya. Ta koyi yarenmu har ta fi mu iya zagi. 'Yarta ɗaya, tela ce, muna ce mata Mai Ɗinki. Kaka ba ta taɓa maganar ƙasarsu ba. Iyakar abin da na iya tatsa, kuma na yi ƙoƙari, shi ne mahaifinta kuku ne a jiragen ruwa, ta tashi bana a wannan ƙasa baɗi a waccan. Gahawa kuwa ba ta taɓa shiga ɗakinta ba, don marigayin ya ce tana sa masa bugun zuciya. In ta zo wucewa ta shagon Baba sai ta kau da kai ta ƙara sauri, har muna cewa girman kai ne.

Tsufa ya zo ya fara kwashe mata tunani. Yarenmu ya zube daga bakinta, ta koma wani harshe da ba mai ji a gidan. Ta daina gane 'yarta. Daga baya ta juya fuska ga bango ta rufe baki. A kawo cokali ta datse haƙora. Sai ɗan ruwa, shi ma da dabara. Likita ya zo ya duba ya ce in mako ya ƙare ba ta ci ba, asibiti za a kai ta a zura mata robar abinci ta hanci. Mai Ɗinki kuwa da robar nan ta ga mahaifinta ya cika, kuma tun Kaka tana da hankalinta ta sa ta yi mata alkawari ba za a yi mata haka ba. In ta cika alkawari uwa ta mutu da yunwa, in ta karya shi uwa ta rayu a yadda ta fi tsoro. Yarinyar nan ta rame har zoben hannunta yana zamewa.

Wata safiya ta sauko shagon da abin awo rataye a wuya, ta tsaya tana murza yatsu.

"Baba, in ƙamshin shagonka ya hau da safe tana juyo da kai. Shi kaɗai take juyo wa."

"Ƙamshin wacce daga ciki?"

"Ina zan sani? Ni duk ɗaya nake jin su."

"Allah Ya shirye ki, 'yata. A gaban tukwanena kike faɗin haka?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Baba ya bar ta ta gama, sannan ya ce ta tambayi likita ko kurɓi zai cutar. Likita ya ce ko mene ne, in dai zai buɗe bakin.

Aka fara. Baba ya haɗa a ƙasa, ni in hau da faranti, don taimako kawai ba don komai ba. Ta Baturke, Kaka ko kallo. Ta Italiya ta ture da bayan hannu. Ta tulun yumɓu ta yi atishawa ta ja bargo. Ta gilashi, ta ƙyalle, har da wadda ake jiƙawa a ruwan sanyi ta kwana, duk haka na riƙa saukowa da su sun huce. Ta ɗan gwangwanin nan ma an kai, ta shinshina ta rufe ido. Mako ya kusa ƙarewa. Mai Ɗinki ta fara haɗa kayan asibiti a jaka tana warwarewa.

Ranar da ya rage gobe a tafi, Baba bai gaishe da tukwanensa ba. Ya zauna kan benci yana kallon hannuwansa suna rawa a kan gwiwa. Tun yana saurayi yake yi wa mutane tambaya ɗaya, ga shi ya zo kan wadda ba ta iya ba shi amsa. Can sai na ga ya ɗago.

"Iya Rediyo, laifina ne. Wa kika taɓa ji mahaifiyarsa ta aiko masa da gahawa daga ƙasan bene? A gabansa take haɗawa, yana riƙe da zanenta. Ku kwashe kantar nan. Sama za mu."

"Da wace gwiwar?" in ji Inna.

"Da wadda na aure ki da ita."

"Ai waccan ta daɗe da mutuwa."

Bayan azahar sai ga jerin gwano a matattakala. Wani direba ya ɗauki risho, wata nas ta rungumi tulun yumɓu kamar jariri, auta da mijinta suna ɗauke da kwandon tukwane, Baba a tsakiya yana hawa yana hutawa, Inna a bayansa tana tura shi tana faɗa. Ƙofofi suka yi ta buɗewa. Kafin mu kai sama rabin gidan ya biyo mu, kowa yana cewa shi ma dama sama za shi.

Ɗakin ƙarami ne. Gado a jikin taga, keken ɗinki a gefe, hoton marigayi da hular jirgi a bango, kwanon abincin rana a rufe ba a taɓa ba. Kaka tana kwance kamar tsumma, fuska ga bango. Aka kwashe yadudduka daga teburin ɗinki Baba ya jera tukwanensa. Ya ɗaga wannan ya ƙwanƙwasa, ya kaɗa waccan, ya niƙa ƙwaya a injin hannu. Ko motsi. Sai da ya ɗauko ɗan gwangwanin nan ya ɗora a bakin kofin gilashi, ƙarfe ya taɓa gilashi ya ce ƙil, sannan kan Kaka ya juyo a hankali. Ba Baba take kallo ba. Hannunsa take kallo.

Baba ya zuba madara mai kauri a gindin kofin. Ya zuba gari a gwangwanin, ya danna da ɗan faifan cikinsa. Ya ɗauki buta. Ya dubi Kaka, ta dubi butar.

Sai ya kwarara ruwan gaba ɗaya.

Jama'a, Baba Mai Gahawa, a gaban shaidu. Ruwa ya cika ya tumbatsa, ya zarce ƙasa tsararo kamar ruwan wanke kofi, gari yana yawo a sama. Auta ta dafe ƙirji. Mijinta ya sunkuyo kunnena ya ce, "Iya, a kan wannan fa aka kusa hana ni mata."

Bai rufe baki ba muka ji tas. Hannun nan da ya yi kwanaki bai ɗaga cokali ba ya fito daga bargo ya sauka a bayan hannun Baba. Kaka ta buɗe baki ta yi ta sauke masa magana. Ko kalma ba mu ji ba, amma kowa ya san ba addu'a take yi masa ba. Ta yi wa Mai Ɗinki alama ta tayar da ita, aka jingina ta da matasai, ta fizge gwangwanin. Ta sa aka zubar da ɓarnar. Ta auna sabon gari da idonta, ta danna, ta kama hannun Baba da butar ta ɗiga ruwa kaɗan, sannan ta kafa masa tafin hannu a gaban hanci: jira. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa duniya jira, ya sunkuyar da kai kamar ɗan koyo. Gari ya kumbura. Ta cika, ta rufe. Ɗis. Ɗis.

Muna shirin murna sai ta sake miƙo hannu tana neman wani abu. Aka ba ta cokali ta ture. Aka ba ta sukari ta harari mai bayarwa. Nas ta kawo ƙanƙara, Kaka ta yi tsaki. Da ta ga duk daƙiƙai ne a ɗakin, sai ta naɗe hannuwa a hammata, ta kaɗa gwiwar hannu, ta yi kukan kaza. Ni na fara ganewa, kuma ina so a rubuta wannan. Yadda na sauka benen nan na dawo da ƙwai, har yau ƙafata ba ta yafe mini ba.

Ƙwai a gahawa. Baba da ya san ta yashi da ta yumɓu da ta safa, wannan bai taɓa gani ba, idonsa har ƙyalli yake. Kaka ta fasa, ta raba gwaiduwa da farin tsakanin ɓawo da ɓawo, ta zuba mata madara, ta hau kaɗawa. Hannu ya gaji, ta danƙa wa Baba kwanon. Nan fa hannu mai rawa ya samu aikin da ya dace da shi. Ya kaɗa, ya kaɗa, har abin ya tashi ya yi kumfa mai kauri ruwan zuma.

Kaka ta karɓa. Ta tsoma cokali. Ta kai bakinta.

Wace mai girki ce za ta ba baƙo abin da ba ta ɗanɗana ba? Mai Ɗinki ta toshe bakinta da abin awo. Kaka ta yatsina fuska, ta ƙara madara, ta sake ɗanɗanawa. Ta sake. Ta malala kumfar a kan baƙar gahawa ta miƙa wa Baba. Shi kuma ya riƙe kofin yana juya shi kamar bai san ta inda ake fara sha ba. Haushi ya sake kama ta. Ta nuna burodin da ke kan kwanon abincinta, ta gutsura, ta tsoma, ta ci don ya gani. Baba ya girgiza kai, wai bai gane ba. Ta sake nuna masa. Sai da burodin ya kusa ƙarewa sannan Baba ya gane.

Daga nan ta waiwaya ta ga mace a durƙushe gefen gado tana hawaye. Ta daɗe tana kallonta. Ta tura mata sauran kofin, ta ce da yarenmu tas, da muryar nan tata ta da, "Sha, 'yar fitina. Wa ya bar ki kika rame haka?"

Abin da ya biyo baya ba zan iya rubutawa ba, domin ni ma ban ga komai ba, idona ya rufe. Na dai ji direba, ƙato guda, yana jan majina a bayana.

Ba zan yi muku ƙarya in ce Kaka ta warke ba. Tunanin yana zuwa yana tafiya. Amma tana ci, muddin ita ce mai girkin, kuma muddin akwai wanda ke ɓatawa a gabanta ta gyara. Likita ya dawo ya duba ta, ya ce a ci gaba da abin da ake yi. Jakar asibiti ta koma ƙarƙashin gado.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na tare Baba a shago na ce, "Tsakaninka da Allah, ruwan nan da gangan ka kwarara?"

"Hannu ne, Iya. Tsufa."

Inna tana gefe tana goge finjalai, ta saki wata dariya ta hanci.

"Rabu da shi. Shekarar da ƙanwata ta rasu na kwanta na ƙi tashi, sai na ji mutumin nan a kicin yana kankare sabuwar tukunyata da wuƙa. Na tashi don in ƙwace, ban sake kwanciya ba. Hannunsa yana rawa, gaskiya ne. Amma bai taɓa zubar da ɗigon da bai yi niyya ba."

Baba ya ce shi bai san zancen ba, ya juya yana hura wutar da ta riga ta kama.

Kai ne, Baba, gwanin da ya yarda a gan shi a matsayin wawa don tsohuwa ta ci burodi. Sunan da ka tara shekara da shekaru ka kwarara shi cikin kofi ɗaya a gaban surukinka, ka sha mari, ka ce hannu ne. Mun gode. Mai Ɗinki ta gode, baƙin da suka bar maka tukwane sun gode daga duk inda jirgi ya kai su, mu da muke tashi da ƙamshinka mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sassauta wa gwiwar nan.

Ku kuma masu karatu, in baƙo ya sauka kusa da ku, ku tambaye shi yadda mahaifiyarsa take yi. In tsohonku ya juya fuska ga bango, kada ku tsaya ga kai masa kwano a rufe. Ku kai masa aikin da hannunsa ya sani, ku zauna a gabansa, in ta kama ku ɓata.

Jiya auta ta share wuri a tsakiyar kanta ta ɗora tsohuwar butar Baba, tunda duk mai tafiya tukunyarsa yake bari. Baba ya shigo ya gani, ya sauke abarsa ya saƙale a hannu, ya cusa ƙwai a aljihu.

"Wa ya ce miki tafiya zan yi? Bene kawai zan hau. Malamata tana jira, kuma ba ta son makara."